Hannu a Bakin Labule

Kaset uku da tsohuwar kamera naɗe cikin zane, su ke nan wani dattijo ya ɗauko daga ƙauyen Gaffati. Na tarar da shi a unguwar Zango, a wani shagon da ake juye kaset a ordinata, wato kwamfuta.

"Baba, aurenka ya fito tsaf," in ji mai shagon. "Ga makaɗa, ga mata. Wace ce tsohuwar taka?"

"Ba ta cikinsu. Koma baya."

"Sau uku ke nan fa."

"Ni ne ɗan farinta, ko sunana ba ta taɓa kira ba don kunya. Da ƙanena ya shiga gida da kamerar nan, ɗaki ta gudu."

"To me muke nema?"

"Na ce ko ta leƙo. Shekara tara da rasuwarta, fuskarta ta fara ɓace mini."

"Ban ga komai ba sai hannun nan da ya ja labule. In juye maka shi?"

Dattijon ya daɗe yana kallo.

"Nata ne. Kashe."

Ya miƙe, ya kama ƙofa.

"Riƙe kaset ɗin, yaro. Ba ta so a gan ta ba, ba zan sake nema ba."

Ya jawo ƙofar, ta rufe.