Dalmar Maharbi da Harsashin Soja

A tashar motar Wudil, maharbi Maikano ya ƙura wa lambar yabon wani tsohon soja ido.

"Malam, harsashinku ɗan mitsitsi ne," in ji shi. "Dalmar bindigata ta fi shi nauyi."

"Gudu ne abin tsoro, ɗan'uwa. In nauyi ya ninka, duka ya ninka. In gudu ya ninka, duka ya zama huɗu."

"A yaƙin Bama aka koya muku? Ni ma na je shiga soja, aka ce ina ɗingishi."

Sojan ya shafa gwiwarsa da ba ta lanƙwasuwa. "A nan na koya. Gode wa ɗingishinka."

Maikano ya yi tsaki. "Duk da haka, kai direba ya ba kujerar gaba."