Sunan Mai Injin Albasa

A tashar Goronyo, cikin motar Sakkwato, wani dattijo ya ji matar da ke gabansa ta ce a ofishin lauya take aiki.

"Ɗiyata, in anka kai takardar mallakar ƙirƙira Abuja da kure, ana gyarawa?"

"Wane irin kure, Baba?"

"Yaron wajena ya ƙera injin dashen albasa. Ba shi gari, ni nij je rajista. Lauya yat tambayi sunan mai shi, nib ba da na ƙanenai."

"Don mi?"

"Ɗan hwari na. In kira sunanai gaban mutane?"

"Ya sani?"

"Ya gani. Bai ce komi ba. Shirun ka hana ni barci."

"Ana gyarawa. Ku koma ga lauyan, ƙanen shi yi rantsuwa kotu ba shi yaƙ ƙera ba, a rubuta ma ohishin rajista na Abuja. Ku dai hanzarta."

"Allah shi yi miki albarka, shi jiƙan mahaihwa!"

"Amin. Mi as sunanai? In rubuta maka bayanin."

Dattijon ya leƙa ta taga.

"Direba! Kai ka san yaron wajena, zo hwaɗa mata sunanai. Da ƙarhi, kowa shi ji."