Tsofaffin Nairori da Idon Malam Bitrus

Jama'ar Ubangiji, ina gaishe ku da sunan Yesu Almasihu. Ni ce Rahila mai ƙyafaffen kifi, matar Malam Bitrus masunci. Kun san ni da surutu, to yau sai haƙuri, don bakina cike yake.

Kun tuna lokacin da yanar ido ta rufe ganin maigidana, har ya daina shiga tabki. Mutumin da ke hango motsin kifi daga nesa ya koma lalube, sai na ja shi zuwa sujada. Likita a Maraɗi ya ce in an yi mashi aiki zai gani, amma kada mu ja lokaci.

Kifina 'yan Jibiya ke saye, da naira suke biyana. Sai na riƙa ƙulle nairorin a tsumma ina tusawa ƙasan kwalla. Duk nan Madarumfa haka muke yi. Na ce in sun taru sai in canza su zuwa sefa gaba ɗaya a garin Ɗan Issa.

Sun kusa isa ke nan sai labari ya zo wai Najeriya ta sake kuɗi, tsofaffin an kusa daina karɓa. Aka ce mai asusu a bankinsu ya kai can a canza mashi. Ni 'yar Nijar, ina ni ina asusun banki a can? Na ruga Ɗan Issa. 'Yan canji suka dubi ƙullina suka ce, "Baba, wannan ai ya kusa zama takarda." Wayyo! 

Na dawo na kasa faɗa wa Malam. Na shige rumfar ƙyafa kifi, na durƙusa cikin toka na yi kuka na ce, "Yesu, Kai da Ka buɗe idon makaho a bakin hanya, ga naka makahon nan cikin gidana. Ni dabarata ta ƙare."

Ban tashi ba sai ga sallama. Alhaji Sanda ne, maƙwabcinmu mai kamiyo, wato babbar mota, wanda ke ɗaukar mani kifi zuwa kasuwa. Ya ga idona, ya kira ni da sunan ɗana ya ce, "Uwar Iliya, hayaƙi ne ko kuka?" Na kwashe duka na faɗa mashi.

Ya ce, "Kawo su nan. Ni ina da asusu a can." Ya canza mani da sefa a farashin da ake yi kafin rikicin, ko dala bai rage ba. Na ce, "Alhaji, in suka ƙi karɓa fa?" Ya ce, "Wannan kuma tsakanina da banki. Ke dai kai mutumin nan likita."

Aka yi wa Malam aiki, idonshi ya buɗe. Alleluya!

Sai bayan nan matar Alhaji, Hajiya Rabi, ta tsegunta mani. Ashe Alhaji ya yi ta bin layi a banki cikin rana, turereniya ta hana shi ko kaiwa bakin ƙofa har wa'adi ya wuce. Ya dawo da ƙullina ya jefa cikin akwati, ya ce kowa ya yi shiru kada in ji. Kullum muna gaisawa yana tsokanata wai kifina ya yi tsada, alhali asarata yake ɗauke da ita!

Na same shi ina hawaye. Ya ɓata rai ya ce, "Hajiya dai ba ta iya riƙe baki ba. Malam Bitrus ya sha ba 'ya'yana kifi kyauta, in zuba ido ya makance?"

'Yan'uwa, ba addininmu ɗaya da mutumin nan ba, amma shi Ubangiji ya aiko. Ban taɓa ganin hali irin nashi ba. Kuma Allah bai bar shi da asara ba, daga baya aka ce tsofaffin kuɗin su ci gaba da yawo, ya kashe abinshi.

Manya su sake kuɗi a inda ba mu taɓa zuwa ba, mu a nan kwallarmu ta girgiza. Amma Mai riƙe da mu ba Ya sakewa. Ku dogara gare Shi, ku kuma sa Alhaji Sanda cikin addu'a.

Ga Malam Bitrus can a benci na baya yana hararata don na daɗe a tsaye. Harare ni da kyau, Malam, ai idon nan na roƙa! Godiya ta tabbata ga Yesu. Amin.