Suman Ƙarya a Masama

SAHABI: Adda Larai! Na rantse da Allah, in na ba ki labarin nan ba za ki yarda ba.

LARAI: Kai Sahabi, ko sallama babu?

SAHABI: Salamu alaikum. An wuni lafiya? Ya Gwandu?

LARAI: Amin, alaikas salam. Lafiya lau. Ya Kalgo? Ya jikin naka?

SAHABI: Jiki? Garau! Ya su Jidda? Ya maigidan, taubashina, babban likita?

LARAI: Yana ɗaki. Yau ko masallaci da ƙyar ya fita. Ka sha zumar da na aiko maka?

SAHABI: Na sha mi? Ba na ji, layin na tsinkewa.

LARAI: Zuma! Wadda na ba direban Kambaza.

SAHABI: Awo, zuma. Mun lashe ta tas da abokan hirata, 'yan majalisa. Allah shi saka.

LARAI: Da 'yan majalisa? Kai da ka faɗi wurin suna a Masama, kumfa na fita bakinka? Tun ranar Inna ba ta ci abincin kirki ba.

SAHABI: To ai labarin ke nan! Adda, sabulu ne.

LARAI: Mi ne?

SAHABI: Sabulun wanki. Ɗan guntu na ɓoye a kunci. Kin san tun da aka dakatar da mijinki daga aiki ya koma kamar sabuwar amarya. A nuna mai ƙurji ya kau da kai, a ce ciwon kai ya ce a tafi asibiti. Ranar sunan ya samu gindin darbejiya ya naɗe hannu. Na ce wa abokaina su Lukuman, yau in ban sa Dakta Umar Faruk ya taɓa majinyaci ba, a canza mini suna.

LARAI: Sahabi...

SAHABI: Tsaya ki ji! Ana raba goro na saki jiki, tim! Na juya ido, na miƙe ƙafa kamar tunkiyar da ta ci roba. Sai ga shi a guje, hula ta faɗi, takalmi ɗaya. Ya durƙusa cikin ƙasa da farar shadda, yana danna mini ƙirji yana "Ku ba shi iska!" Shi ya yi shekara da shekaru a jami'a, ni aji biyu na sakandare na ajiye biro, amma wa ya yi wa wani karatu? Adda? Kina ji?

LARAI: Ina ji. Wa ya ɗauki bidiyon?

SAHABI: Au, har kin gani? Lukuman ya ɗauka, ni na saka. Na rubuta a ƙasa, "Likita ya dawo aiki, a garzayo Masama." Har daga Legas ana turo dariya.

LARAI: Kai ka rubuta.

SAHABI: Da hannuna. Mi ya faru? Muryarki ta canza.

LARAI: Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

SAHABI: Wa ya rasu?

LARAI: Jiya muna kotu a Birnin Kebbi.

SAHABI: Kotu kuma? Ba cewa aka yi satin nan dakatarwar ke ƙarewa ba?

LARAI: Da ta ƙare. Ka san tun da matar nan ta Dodoru ta rasu bayan tiyata, danginta suka kai ƙorafi, hukumar likitoci ta ce ya ɗaga hannu daga majinyata har a gama bincike. Wa'adin ya zo ƙarshe, binciken bai ƙare ba. Su kuma ba su da ikon ƙara ko yini ɗaya da kansu, sai kotu ta yarda. Lauyanmu ya ce mu kwantar da hankali, ba su da hujja, tunda Baban Jidda bai taɓa saɓa sharaɗi ba. Har na wanke mai farar rigar aiki na goge.

SAHABI: To?

LARAI: Sai lauyansu ya ɗaga waya.

SAHABI: A'a.

LARAI: Aka kunna a gaban alƙali. Aka karanta rubutunka da Hausa, aka fassara da Turanci. Lauyan ya ce ga mutumin da aka hana aiki ya buɗe asibiti gindin itace, har ana yi mai talla.

SAHABI: Amma ai wasa ne! Wasan taubasai! Ɗan kawuna ne, tun muna yara nake ɓoye mai takalmi a masallaci. Kowa ya san...

LARAI: Alƙalin ba ɗan Gwandu ba ne, Sahabi. Ya ƙara wata shida.

SAHABI: Wata... Adda, layin ne ko shida kika ce?

LARAI: Shida na ce.

SAHABI: Wayyo Allah. Ni na ɗauka... wallahi dariya kawai na so a yi. Na ga ya daɗe bai yi dariya ba.

LARAI: An yi dariyar. Har masinjan kotu ya yi, da aka zo wurin takalmi ɗaya. Kawu Siddiƙu na zaune a baya, ya ja rawani ya rufe fuska. Tsoho kamar wannan.

SAHABI: Kawu ya je?

LARAI: Ɗansa ne, zai zauna gida?

SAHABI: Ina ma ƙasa ta tsage.

LARAI: Ni kuma wauta ta ci ni. Alƙali ya ce in an kawo majinyacin, aka tabbatar ceton rai ne na gaggawa, zai sake duba hukuncin ranar Litinin. Na yi ta murna a mota, ina cewa ai ƙanena ne, ciki ɗaya, zai zo ya dafa Alƙur'ani ya ce da gaske ya suma. Baban Jidda ya kau da kai yana kallon titi har muka iso gida. Ashe...

SAHABI: To in zo in ce da gaske ne mana. Na iya.

LARAI: Da Alƙur'ani a hannunka?

SAHABI: A'a. A'a, ban iya wannan ba.

LARAI: Tsaya, ga shi ya fito. Ya ce in ba shi wayar.

SAHABI: Kar ki ba shi! Adda, don darajar Inna, ki ce na...

DAKTA: Sahabi.

SAHABI: Na'am, Hamma. Ranka shi daɗe. An wuni lafiya? Ya... ya gida?

DAKTA: Yau ni ne Hamma, babban yaya? Ba "bawana" ba?

SAHABI: Hamma, ni ban san ta inda zan fara ba.

DAKTA: Ba sai ka fara ba. Ina durƙusawa na ji ƙamshin sabulu. Na ɗaga fatar idonka, tana rawa. Wanda ya suma ba ya ƙoƙarin danne dariya.

SAHABI: Ka sani? To mi ya sa ka ci gaba da danna ni?

DAKTA: Surukanka na nan tsaye, mahaifin yarinyar da kake nema har ya fara salati. In miƙe in ce ƙarya kake?

SAHABI: A kotun fa? Ka faɗa musu ni ne mana.

DAKTA: Ka taɓa jin an kai ƙarar taubashi? Na ce wani ɗan'uwa ne ya faɗi, na ruga. Iyakar abin da na ce ke nan.

SAHABI: Da ka zage ni, Hamma. Wallahi da zagin ya fi mini sauƙi.

DAKTA: Ba ni da lokacin zagi. Akwai masu ciki a Dodoru da Kambaza da ke jiran in koma. Lauya ya ce gaskiyar ma za ta yi aiki, in ka faɗe ta duka: kai ka shirya, kai ka rubuta, ni kuma sa'ad da na rugo ban san wasa ba ne.

SAHABI: A gaban mutane?

DAKTA: A gaban alƙali, da Kawu, da Inna. Ta ce sai ta zo ta yi wa alƙali bayanin ciwon ɗanta.

SAHABI: Inna ba ta sani ba tukuna?

DAKTA: Kai za ka gaya mata, yau. Ba ni ba, ba Larai ba.

SAHABI: Hamma... halo? Halo? Ba na ji sam, sabis ɗin Kalgo...

DAKTA: Ina jin numfashinka, Sahabi. Lafiyayye ne.

SAHABI: Na'am.

DAKTA: Litinin da safe ka tsaya bakin titi, za mu ɗauke ka. Ka sa riga ta mutunci. In alƙali ya ce ka nuna yadda ka faɗi, ka faɗi.

SAHABI: A ƙasan kotu?

DAKTA: Wannan karon ba mai ɗaga ka. An hana ni. Larai, karɓi wayarki.