Kiran da Ba Mu Yi wa Baba Mai Waya Ba

Assalamu alaikum. Shugaban asibiti, manyan likitoci, shugabar ma'aikatan jinya, Hajiya da 'ya'yan marigayi, abokan aiki, da dattawan da suka taɓa kwanciya a sashenmu, sannunmu da haƙuri.

Shekara goma sha tara muna teburi ɗaya da Baba Mai Waya a sashen mafitsara na maza. Ya kasance ma'aikacin jinya mai naci. Idan za a ɗebi tsoka daga firostet ɗin mutum, wato ƙullun nan na ƙarƙashin mafitsara, don gwajin ciwon daji, sai ya tsaya a kansa har ya haɗiye maganin kashe ƙwayoyin cuta a kan lokaci, sannan ya ce, "Buɗe baki in gani." Dattawa da furfurarsu, haka suke buɗewa!

Ya kasance ya san halinmu maza. Ba ya karɓar lambar marar lafiya, sai ta matarsa. "Alhaji, kai ƙarya za ka yi mini," in ji shi. "Kana rawar sanyi za ka ce gajiya ce." Washegarin gwajin da hantsi sai ya jawo wayar teburi: "Hajiya, taɓa goshinsa. Da zafi? Fitsari na fita? Kada ki ba shi maganin zazzaɓi ki lulluɓe shi, ki sako shi a mota yanzu." Akwai masu rai a ɗakin nan albarkacin wannan kira. Ga su can suna gyaɗa kai.

Watan jiya shi aka yi wa gwajin. Muka taru a kansa muna tsokana, "Baba, buɗe baki mu gani." Ya buɗe yana dariya. Amma ba wanda ya karɓi lambar matarsa Hajiya. Washegari na dubi wayar nan kusa da kofin shayinsa, na ce a raina, wanda ya koya mana aikin, da wane baki zan tambaye shi zazzaɓi? Ashe kowannenmu haka ya ce. Shi kuwa da sanyi ya kama shi, sai ya ce wa Hajiya gajiya ce. Sai a kwana na uku aka kawo shi, ƙwayoyin cuta daga wurin da aka ɗebi tsokar sun riga sun shiga jini. Sakamakon gwajin ya iso bayan jana'iza: babu ciwon daji.

Hajiya, kada ki ɗora wa kanki. Ke ba a gaya miki abin da za ki duba ba. Kwana ya ƙare, mun yarda, amma kunyar nan tana cin mu, ki yafe mana. Ku 'ya'yansa, ku sani mun mai da kiran nan doka. Ko likita ne aka yi wa gwajin, za mu kira matarsa. Ranka ya daɗe shugaba, har da kai.

Mun gode da zuwanku. Allah Ya jiƙan Baba, Ya haskaka makwancinsa, Ya dafa wa iyalinsa. Mu kuma, Ya Allah, kada Ka sake bari girman mutum ya hana mu ɗaga waya. Amin.