Zanen da Na Ɓoye a Ƙarƙashin Gurasa

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jinƙai. Mai girma shugaban wannan taro, mataimakin hakimin birninmu na Kokand. Mai girma daraktan wannan gidan zane, Abdumalik-aka. Dattawan unguwa da ke sahun gaba. Iyayenmu mata da suka ɗora tukunyar shinkafar da ƙamshinta ke neman raba ku da sauraron jawabina. Baƙinmu ma'aikatan bincike daga Tashkent, musamman shugabarsu Barno. Da sauran jama'a, waɗanda takarda ta gayyato da waɗanda hanci ya gayyato: assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ni ce Hosiyat, 'yar marigayi Usta Mirzakarim mai zane. Shekara talatin da huɗu ke nan makullan wannan gida suna rataye a ƙuguna. Ina godiya ga Allah da Ya nuna mana ranar sake buɗe shi bayan wata bakwai a rufe, ina godiya ga hukuma, ina kuma godiya ga darakta da ya ba ni minti biyar in yi magana, alhali ya san gaisuwata kaɗai ta fi haka. Maganata uku ce, ta ukun kuwa tonon asirin kaina ce, don haka ku yi haƙuri ku jira ta.

Magana ta farko a kan tsabtarmu ce. Kun san wannan gini makarantar addini ce tun zamanin kakanni, kafin a mayar da ita gidan zane, a ja mata bututun ɗumama ɗaki, a naɗe shi da wani farin abu mai kama da filasta. Kun kuma san kowace shekara, kafin bikin Navruz na shigowar sabuwar shekara, unguwar nan kan fito gayya. Mu share, mu goge, mu kankare, mu bi bututun nan da tsintsiya muna bugu har farar ƙura ta turnuƙe, mu koma gida fari fat muna alfahari cewa duk kwarin Fargana babu gidan zane mai tsabtar namu. Da Barno ta zo, ta ji wannan labari daga bakina, ina ba ta shi da taƙama, sai ta nemi kujera ta zauna. Ta ce, "Hosiyat-opa," wato Yaya Hosiyat, "shekara nawa kuna wannan aikin?" Na ce, "Tun kafin a haife ki." Ta ce, "Inna lillahi! Da ma ƙazamai ne ku, da kun fi lafiya."

A ranar muka san sunan abin: asbestos. A ranar muka koyi cewa in an bar shi lafiya yakan bar mutum lafiya, amma in an fasa shi, ko an kankare shi, ko an sa masa zarto, sai ya saki wasu ƙananan zaruruwa da ido ba ya gani, su shige huhu su yi zamansu, ba za a ji motsinsu ba sai bayan shekara ashirin ko talatin. Mai gadinmu Tursunboy-aka, ga shi can yana sunkuyar da kai, shi har wuri ya kankare a jikin bututu da wuƙa, daidai faɗin gurasa, don ya riƙa ɗumama abincin ranarsa. Da aka tambaye shi dalili, cewa ya yi, "To, ni na ce a yi bututu mai zafi kusa da kujerata?"

Magana ta biyu a kan aikin baƙin nan ce, kuma ina so matasa su ji ta. Mun ga mutum uku cikin fararen riguna tun daga kai har ƙafa, da takunkumi a fuska, suna bin gidan nan ɗaki ɗaki. Sun duba rufi, sun duba daɓe, sun leƙa bayan kowane allo. Inda suka yi shakka sai su jiƙa wurin, su ɓalli ɗan abin da bai fi ƙwayar shinkafa ba, su sa a leda, su sa ledar a wata ledar, su rubuta lamba, su aika ɗakin gwaji. Ba su huda tayil ko ɗaya na kakanninmu ba, ba su taɓa sassaƙar ƙofa ba sai da izini. Na ga masu gyara iri-iri a gidan nan, na ga wanda ya zo gyaran fitila ya tafi da rabin bango, amma ban taɓa ganin masu taka ƙasa a hankali kamar waɗannan ba.

Yanzu ga ta ukun. A cikin zane arba'in da ɗaya da ke gidan nan, akwai guda wanda mahaifina ya yi, na wata mace zaune a gindin inabi tana tsince shinkafa. Mahaifiyata ce. Ta rasu ina da shekara tara, kuma ba ta taɓa tsayawa gaban mai ɗaukar hoto ba, don haka duk duniya babu fuskarta sai a nan. A lokacin ba a ba irin su mahaifina ƙyallen zane, sai ya tsinci ragowar allon da aka yi rufin ɗakin tukunyar ɗumama da shi, ya yanka da zarto, ya goge da samfefa, ya zana matarsa a kai. Kowace safiya ta Allah, kafin in buɗe ƙofa, nakan sa ƙyalle in share mata fuska, in ce, "Ina kwana, Inna."

Ana gobe baƙi za su iso, Tursunboy-aka ya ja ni gefe ya ce, "Hosiyat, na ji daga majiya mai ƙarfi, duk abin da suka samu da farin abin nan na bututu a jikinsa, naɗe shi suke a leda, su kai bayan gari su binne." Na ce, "Har zane?" Ya ce, "Ko hular darakta ce." Jama'a, hankalina ya tashi, domin na san allon Inna da farin abin bututun nan dangi ɗaya ne. An binne mahaifiyata sau ɗaya ina tsaye a bakin ƙofa ina kuka, ban ga dalilin da zan miƙa ta a sake binnewa ba.

Sai na yi dabara irin ta 'yar Kokand. Na sauke allon, na kifa shi a kan bargo bisa gajeren teburin da ke ɗakin baƙi, na rufe da dasturhon, shimfiɗarmu ta cin abinci, na jera gurasa a kai. Wane ɗan halak ne a ƙasar nan zai yaye dasturhon da gurasa a kansa, babba bai shafa fatiha ba? Babu shi. Ranar farko baƙi suka ci, na ƙaro, don kada gurasa ta yanke a kan shimfiɗa. Rana ta biyu suka ci, na ƙaro. Mai gasa gurasar unguwarmu har ya aiko yana tambaya ko aure ake yi a gidan zane ba a gaya masa ba.

Abin da ban sani ba shi ne, tun ranar farko da Barno ta dire ƙoƙon shayinta a kan teburin, kunnenta ya gaya mata wannan ba ƙarar katako ba ce. Ta kuma ga ƙusa a bango babu abin da ke rataye a jikinta. Amma yarinyar nan ta sami tarbiyya, ba za ta yaye shimfiɗa da gurasa a kai ba. A rana ta uku sai ta zo da abokan aikinta biyu, ta hana su karin kumallo, ta kuma kira Tursunboy-aka da ladabi ta ce, "Baba, zo ka sa mana albarka." Ban ankara ba, na shiga ɗauko ruwan zafi, na dawo na tarar babu ko ɓurɓushi. Shi kuwa wannan bawan Allah da ya jefa ni cikin wannan hali, cikinsa ya ɗauka, sai ya ɗaga tafukansa ya shafa fatiha kamar yadda ya saba. Ina yi masa ido, yana cewa amin.

Kun san ƙaramar mace ce ke naɗe shimfiɗa. Barno ta miƙe ta ce, "Opa, ki huta, aikina ne." Ta naɗe dasturhon kusurwa huɗu, ta sa safar hannu, ta juyo da allon a hankali. Ta daɗe tana kallonsa. Sannan ta ce, "Goshinku ɗaya." Ni kuwa na dafe allon da hannu biyu na ce, "'Yata, ki rubuta ni a takardarki, ki sa a kore ni, amma wallahi ba za ki kai ta rami ba." Ta ce, "Wane rami kuma? Wa ya gaya miki?" Muka waiga gaba ɗaya, Tursunboy-aka ya tuna yana da aiki a bakin ƙofa.

Ta zaunar da ni ta yi mini bayani. Abin da ke jikin bututu ya ruɓe, dole a kwashe shi, kuma an kwashe. Allon kuwa lafiyarsa ƙalau, fenti ya rufe gabansa, sai dai a shafe bayansa da gefunansa da abin da zai riƙe zaruruwan, a sa shi cikin akwatin gilashi a liƙe, a rubuta shi a rajista, a riƙa duba shi duk shekara. Sharaɗi ɗaya ne: daga ranar, hannu ba zai sake taɓa shi ba, har nawa. Daga nan ta yi ƙasa da murya ta ce, "Opa, wanda ya yanka allon nan, da me ya rufe hancinsa?" Na ce ba komai. Ta ce, "Me ya yi ajalinsa?" Na ce tari, shekara talatin bayan haka. Allah ne Masani, amma tun daga ranar na daina yi wa takunkumi dariya, na kuma je an duba ƙirjina, na tisa ƙeyar Tursunboy-aka shi ma an duba nasa.

Don haka ina roƙonku, ya ku masu riƙe da tsofaffin gine-gine, da masallatai, da makarantu, da gidajen tarihi: kafin ku huda, ku tambaya, kafin ku kankare, ku kira masu sani, kuma kada ku ɓoye musu komai, domin na gwada, gurasa kawai na yi asara. Gayyar bana tana nan, amma da jiƙaƙƙen tsumma za mu yi ta, tsintsiya ta tsaya a tsakar gida.

In kun shiga, ɗaki na biyu hannun dama, za ku same ta a gindin inabinta. Ba zan ɓoye muku ba, ranar da aka liƙe gilashin na yi kuka, domin a gidan nan kaɗai shekara talatin da huɗu ina taɓa wannan fuska. Amma yau da safe na zo da ƙyallena kamar kullum, na goge gilashin tas, na ce, "Ina kwana, Inna." Tana nan inda mahaifina ya zaunar da ita, jikokina za su gan ta, kuma ba za su yi tari ba.

Allah Ya jiƙan iyayenmu, Ya sa aljanna ce makomarsu. Allah Ya tsare huhun duk wanda ya taɓa riƙe tsintsiya a gidan nan. Allah Ya yi wa Barno da abokan aikinta albarka, Ya mai da su Tashkent lafiya, Ya shirya mana Tursunboy-aka da majiyarsa mai ƙarfi. Allah Ya ba ƙasarmu zaman lafiya. Shinkafa ta nuna, kuma teburin yau katako ne zalla, kowa na iya ɗaga shimfiɗa ya duba.

Na gode.