Tiya Biyu ta Irin Shuka

Barka da aiki, mai karanta mana wasiƙu. Ni ce Rahila daga Kanan-Bakashe. Fari ya cinye gonarmu, maigidana ya tafi Najeriya neman aiki, har yau ba labarinsa. Hatsin da sojoji ke rabawa bai iso mu ba. Tiya biyu ta irin shuka kaɗai ta rage mana.

Jiya ɗiyata ta ce, "Inna, ki daka mana, yunwa muke ji." Na zuba irin a turmi, sai na kwashe, na durƙusa ina kiran Yesu. Ganye muka dafa.

Ban daina dogara ga Ubangiji ba, amma tsoro nake ji. Jama'a, ku ba ni shawara: in daka, ko in jira ruwa?